Karya mai ciki, kaskon tuwo da cizon kwikwiyo: amsoshin wasiƙunku

Assalamu alaikum. Masu karatu, barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu na kiwo da lafiyar dabbobi. A watannin baya tambayoyin tumaki da na kaji ne suka fi yawa, amma tun da aka shiga kaka wasiƙun da suka shafi karnuka suke ta taruwa, akasarinsu daga cikin birnin Katsina da ƙasar Daura, har na ga ya dace in ware musu fitowar wannan wata baki ɗaya. Dalilin yawansu a fili yake. Halin tsaro ya sa gidaje da dama sun ajiye kare don gadi, alhali masu gidan ba su tashi sun ga iyayensu suna kiwonsa ba. Mafarauci da makiyayi sun gaji sanin kare tun kaka da kakanni, shi kuwa ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ya sayo kwikwiyo a bakin titi ba shi da wanda zai tambaya, sai abin da maƙwabta suka faɗa masa, kuma sau da yawa wannan shawarar ce take kashe dabbar. Kamar kullum, na sakaya sunayen masu tambaya.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina da karya 'yar gida wadda na raina tun tana ƙarama, yanzu shekararta 2. An yi mata barbara kimanin mako 6 da suka wuce, cikinta ya fito, nonuwanta sun fara cika. Wannan ne cikinta na fari, ni ma ban taɓa ganin haihuwar karya ba. Yaushe zan sa ran haihuwarta, kuma me ya kamata in tanada, ga shi sanyi ya fara shigowa? Daga wani magidanci a Daura.

Amsa: Malam, barka kadai, Allah ya sauke ta lafiya. Cikin karya kwana 63 ne, wato mako 9, kodayake idan aka ƙirga daga ranar barbara haihuwa takan zo tsakanin kwana 58 da 68. Ke nan saura maka kimanin mako 3, kuma su ne makonnin da 'ya'yan suke yin mafi yawan girmansu a ciki. Daga yanzu ka riƙa ƙara mata abinci sannu a hankali, ka raba shi sau 3 ko 4 a yini, domin 'ya'yan sun matse mata tumbi, ba za ta iya cin mai yawa a zama ɗaya ba.

Ka zaɓa mata wurin haihuwa tun saura mako guda ko biyu, ka saba mata da kwana a can. Idan ba ka zaɓa mata ba za ta zaɓa wa kanta, kuma abin da karya take zaɓa shi ne ƙarƙashin rumbu, ko bayan tarin bulo, ko wani rami da hannunka ba zai kai ba ranar da ake bukatar ya kai. Kusurwar ɗaki ko shago ta wadatar, muddin ƙofar ba ta fuskanci arewa maso gabas ba, inda iskar hunturu take fitowa. Ka shimfiɗa kwali a ƙasa, ka ɗora buhun algarara da tsofaffin tsummoki masu tsabta, sannan ka kewaye da katako mai tsayin da uwar za ta tsallake amma 'ya'yan ba za su iya ba.

Idan haihuwa ta matso za ka ga ta ƙi abinci, tana haki, tana tonon shimfiɗa, ta kasa zama wuri ɗaya. Zafin jikin kare digiri 38 zuwa 39 ne, amma kimanin yini guda kafin naƙuda yakan sauka zuwa 37 ko ƙasa da haka, saboda haka mai ma'aunin zafin jiki zai iya sanin ranar tun kafin ta zo. Kowane ɗa yakan fito cikin jakarsa, uwar ta yaga ta, ta lashe shi har ya yi kuka, ta datse cibiya da haƙori, ta cinye mabiyiya. Duk wannan halitta ce, kada a hana ta. Tsakanin ɗa da ɗa akan sami rabin awa zuwa awa guda, wani lokaci ta huta har awa 2. Abin da zai sa ka nemi likitan dabbobi ba tare da jira ba shi ne ta yi rabin awa tana yunƙuri mai ƙarfi ba abin da ya fito, ko a wuce awa 2 shiru alhali ka san da saura a ciki, ko ka ga koren ruwa mai duhu yana fita tun ba a haifi ko ɗaya ba. Ka nemi lambar likitan tun yanzu ka ajiye, domin karya ta fi haihuwa da dare. Ina roƙonka kada ka bari wani ya sayo allurar naƙuda a kemis ya yi mata, domin idan ɗa ya gicciye a hanya aka yi wannan allura, mahaifa tana iya fashewa. Kasancewar haihuwar fari ce, mai yiwuwa ta rikice ta bar ɗa cikin jakarsa. In haka ta faru ka yaga jakar da yatsunka, ka share masa hanci da baki, ka murza bayansa da tsumma har ya yi kuka, ka ɗaure cibiya da zare kamar faɗin yatsu biyu daga jikinsa, ka yanke da sabuwar reza.

Yanzu bari in tsaya a kan sanyin da ka ambata, domin shi ne ya fi kashe kwiyakwiyan da ake haifa tsakanin Disamba da Fabrairu. Kwikwiyo a makonninsa na farko ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa, ɗumin uwa da na 'yan'uwansa yake aro, kuma a makon farko yana bukatar shimfiɗarsa ta kai kusan digiri 30. Wata shekara cikin Janairu an kira ni wani gida da asuba, na tarar karya ta haifi 7 a kan dandamalin siminti, iska tana kaɗawa ta ƙarƙashin ƙyaure. Biyu sun riga sun mutu, ɗaya ya mirgina gefe, da na ɗauke shi sai na ji shi a tafin hannuna kamar dutsen da aka ciro daga gindin randa, bakinsa yana buɗewa ba sauti. Mai gidan ya kawo madara zai ɗura masa, na hana shi, domin hanjin kwikwiyon da ya sandare ba ya aiki, madarar sai ta tsaya ko ta koma huhu. Na sa shi cikin rigata a jikin fatata kusan awa guda, sai da ya fara motsi yana laluben nono sannan na ɗora shi a kan uwarsa, kuma ya rayu. A fara ɗumamawa, sannan a shayar. Kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma ta isa, amma kada a kai kaskon gawayi cikin rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kashe dabba da mutum.

Ka tabbata kowanne ya sha dakashi a yininsa na farko. Kusan duk garkuwar jikin da kwikwiyo yake samu daga uwarsa ta wannan nonon farko take shiga, kuma bayan awa 24 hanjinsa ba ya ƙara karɓarta. Idan akwai wani ƙarami da manyan suke turewa, ka riƙe shi da hannunka a kan nonon baya, su ne suka fi ruwa. Ana haihuwarsu ido a rufe, kunne a toshe, idon yakan buɗe tsakanin kwana 10 da 14, kuma kada yara su yi ƙoƙarin ɓare shi. A mako na 3 za su fara takawa, haƙora su fara tsirowa, daga nan zuwa mako na 4 sai a fara sa musu abinci mai ruwa-ruwa kamar kunu, wanda aka dama da dafaffen ƙwai ko dakakken kifi. Maganin tsutsar ciki ana fara shi tun suna mako 2, a maimaita duk bayan mako 2 har su kai wata 3, domin da yawansu da tsutsar ake haihuwarsu. Ita kuma uwar a lokacin shayarwa takan ci ninki 2 zuwa 3 na abincinta, kuma idan ka ga tana rawar jiki, ƙafafunta suna sanƙarewa, tana haki ba dalili, to sinadarin kalsiyam ne ya yi ƙasa a jininta, a gaggauta kai ta asibitin dabbobi.

Masu roƙon a ba su ɗaya za su fara zuwa tun ido bai buɗe ba. Ka ba su haƙuri sai an cika mako 8. A cikin waɗannan makonni ne kwikwiyo yake koyon iyakar cizo a wasa da 'yan'uwansa, uwar tana kwaɓarsa idan ya wuce gona da iri, kuma wanda aka raba da uwa yana mako 3 ko 4, irin waɗanda yara suke yawo da su cikin kwali, shi ne yakan tashi matsoraci mai saurin kai cizo, in ma ya rayu.

Tambaya: Likita, karena na gadi ragowar tuwo da shinkafar gida yake ci, kuma yana cinyewa tas, amma kullum ramewa yake yi, haƙarƙarinsa duk a waje, gashinsa yana zuba. Abincin buhu na kanti ya fi ƙarfin aljihuna. Wani abokina kuma ya ce in riƙa barinsa da yunwa ina sa masa barkono, wai zai fi faɗa. Daga wani mai karatu a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Malam, ba sai ka sayi abincin buhu ba. Tuwo ba laifi ba ne, cikin kare yana narkar da dafaffen hatsi sarai, matsalar ita ce tuwo kaɗai yana cika ciki amma ba ya gina tsoka, ba ya ƙarfafa ƙashi. Ka riƙa dafa masa tukunyarsa dabam. Kimanin rabi ya zama tuwon masara, dawa ko gero, kashi ɗaya cikin uku ya zama abin da ya fito daga dabba, sauran kuma a cike da kabewa, karas ko ɗan zogale, da cokali guda na man gyaɗa. Abin da ya fito daga dabba ba lallai ne ya zama tsoka ba. Idan ka saba da wani mahauci a kwata za ka sami tumbi, huhu da guntattakin da ba a saye da arha, masu gyaran kaji suna da kai da hanji, ga garin busasshen kifi, ga ƙwai. Hanta tana da kyau amma kaɗan, sau ɗaya ko biyu a mako. Ɓawon ƙwai da aka busar aka daka ya yi laushi, a barbaɗa kaɗan, yana maye gurbin ƙashi.

Kayan ciki kuwa lallai a dafa su. Wataƙila ka taɓa ganin huhu ko hantar tunkiya, saniya ko raƙumi da wasu ƙulli masu ruwa a ciki, mahauci ya yanke ya jefa wa karnukan kwata. Waɗannan ƙulli 'ya'yan wata tsutsa ce da take girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita cikin kashinsa, ya manne a gashinsa, yaro ya shafa ya kai hannu baki, bayan shekaru a sami irin wannan ƙullin a hantarsa ko huhunsa, wanda sau da yawa sai an yi tiyata. Tafasa ɗaya tana yanke wannan hanya.

Ragowar miyarmu ba ta dace da shi ba, saboda albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ko dafaffe, kuma illar taruwa take yi a hankali har ka ga dasashinsa ya yi fari. Goro, cakulan da ganyen shayi suna hargitsa masa zuciya, inabi da zabibi suna lalata ƙoda, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji, tuwon da ya yi fumfuna ko masarar da ta ruɓe a rumbu suna kashe hanta. Farasitamol da sauran magungunan ciwon jiki na mutane su ma kada a ba shi. Babban kare sau 2 a yini ya ishe shi, kwikwiyo sau 4 har wata 3, sannan sau 3 har wata 6. Ruwa kuma kada ya yanke a kaskonsa, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafin Katsina yake haura digiri 40, domin kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma wanda aka ɗaure da sarƙa a rana tsaka yana iya mutuwa kafin la'asar.

Shawarar abokinka kuwa kada ka ɗauke ta. Yunwa da barkono ba sa koya wa kare gadi, abin da suke haifarwa dabba ce mai gyambon ciki da baƙin rai, wadda ba ta bambance ɓarawo da ɗan mai gida, kuma wadda duk wanda ya jefo mata nama ta kan katanga ya saye ta, ko da guba a ciki. Karen da ya ƙoshi, ya san mutanen gidansa, shi ne yake yin haushi a inda ya dace. Ka haɗa da ba shi maganin tsutsar ciki duk wata 3, domin ramar da ka kwatanta da ƙyar a ce babu hannun tsutsa a ciki.

Tambaya: Likita, maigidana ya kawo kare saboda ɓarayi sun shigo mana sau biyu, amma ni hankalina bai kwanta ba saboda tsarki da salla. Shin ba mu shiga laifi ba? Daga wata uwargida a Sabuwar Unguwa, Katsina.

Amsa: Hajiya, Allah ya tsare gaba. Fatawa ta malamai ce, kuma ina ba ki shawarar ku zauna da malamin unguwarku, amma ga abin da yake sananne. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta, kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kowace rana, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan idan bukata ta tabbata. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. A mazhabar Malikiyya da muke bi a ƙasar nan, jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau 7 idan ya sa baki a ciki bin umarni ne. Abin da zai kwantar miki da hankali a aikace shi ne a yi masa makwanci a tsakar gida ko bayan ɗakuna, kaskonsa dabam, kada ya shiga ɗaki ko madafi ko wurin salla. Tun da an riga an ajiye shi, ya zama amana, cinsa da shansa da inuwarsa suna wuyanku. Kin san hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ciko huffinsa ya shayar da kare mai lasar ƙasa don ƙishirwa, Allah ya gafarta masa.

Tambaya: Ni matashi ne, ina son in fara kiwon karnukan Turawa ina sayar da 'ya'yan. Karyata watanta 8, ta fara jini. In kai ta barbara yanzu? Daga wani ɗalibi a unguwar Rafin Daɗi.

Amsa: Ɗana, ka dakata. Karya takan balaga tsakanin wata 6 da shekara guda, amma a lokacin ita kanta ba ta gama girma ba, ciki zai tsayar da ita, kuma irinsu ne suke wahalar haihuwa ko su ƙi 'ya'yan. Ka bari ta kai shekara ɗaya da rabi zuwa 2. Lokacin neman barbara yakan dawo kusan duk wata 6, yana ɗaukar mako 2 zuwa 3, kwanakin farko na jini ne kuma ba ta yarda da namiji, sai wajen kwana na 10 zuwa 14 jinin ya tsinke ya yi fari-fari, ta riƙa kawar da wutsiya gefe. A wannan karon ka killace ta sosai, domin karnukan unguwa za su yi dafifi a ƙofarku, kuma ciki ɗaya yana iya ɗaukar 'ya'yan maza fiye da ɗaya. Idan lokacin ya yi suka harɗe, daga minti 5 har rabin awa, a ƙyale su, jifa da watsa ruwan da yara suke yi yana ji wa duka biyun ciwo. Kada ka haɗa ta da ubanta ko ɗan'uwanta don gudun biyan kuɗin barbara. Ka kuma yi tunanin irin da za ka kiwata, domin masu tarin gashin nan da aka samo daga ƙasashen ƙanƙara azaba suke sha a bazararmu, alhali karnukanmu na gida da dogayen nan masu siririn ciki na ƙasar Nijar sun fi su jure zafi da kaska nesa ba kusa ba. Wanda kuma ba ya son karyarsa ta haihu, likita yana yi mata aikin cire mahaifa sau ɗaya a huta, ya fi zubar da 'ya'yan a bola.

Tambaya: Likita, kwiyakwiyaina 6 suna wata 2 suka kamu da amai da zawo mai jini mai wari, cikin kwana 4 biyar suka mutu. Wanda ya rage kaska ta cika masa kunne, an ce in yi masa wanka da fiya-fiya. Kuma ina son in sayo wasu. Daga wani mafarauci a ƙasar Mashi.

Amsa: Baba, sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri. Abin da ka kwatanta ya yi kama da cutar da likitoci suke kira fabo, wadda ta bayyana a duniya a 1978, tana cinye bangon hanjin kwikwiyo, rashin ruwa a jiki ya ƙarasa shi. Babu maganin da yake kashe ƙwayar, abin da yake ceto shi ne ƙarin ruwa ta jijiya da allurar tsayar da amai tun a yinin farko. Ƙwayar tana fita cikin kashi, tana zama a ƙasa watanni masu yawa, wani lokaci har shekara, ana kuma ɗauko ta a tafin takalmi. Saboda haka kada ka kawo sabon kwikwiyo wannan wuri yanzu. A ƙone tsummokaran, a kwashe ƙasar saman, a wanke siminti da kasake da ruwan bilic, kashi 1 cikin kashi 30 na ruwa. Wanda za ka saya nan gaba a tabbata an fara masa allurar rigakafin nan mai haɗe da cututtuka da dama yana mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 ko 4 har ya kai mako 16, kuma kafin ya kammala kada ya bi manya daji. Ka karɓi allurar a hannun likitan da yake ajiye ta cikin sanyi, domin wadda ta sha zafi a kan kantar shago ruwa ce kawai.

Fiya-fiya kuwa, Baba, don Allah kada ka kusantar da ita gare shi. Guba ce da take ratsa fata, kuma kare yana lasar jikinsa. Na sha karɓar waɗanda aka yi wa wannan wanka, yawu yana dalala kamar igiya, tsokar jiki tana ɓari, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, suna zawo a kwance, kuma ba duka ake samu a ceto ba. Baƙin man mota da ake shafa wa mai ƙazuwa shi ma haka. Kaskar kunne ka cire ta da hannu ko hantsaki, ka kama ta daf da fata ka ja a miƙe, ka jefa cikin kananzir, sannan likita ya ba ka maganin da ya dace da shekarunsa da nauyinsa. Ka bi tsagogin bango da makwancinsa da feshi bayan ka fitar da shi, domin a can kaska take ƙwai.

Tambaya: Likita, shekaranjiya wani kwikwiyo ya ciji 'yata mai shekara 6 a yatsa, yayanta ne ya sayo shi a bakin titi. Ciwon ƙarami ne, jini kaɗan ya fita. Maƙwabta sun ce a ƙona gashinsa a shafa mata, wai ɗan kwikwiyo ba ya hauka. Kwikwiyon ba a taɓa yi masa allura ba. Daga wata uwa a Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: 'Yar'uwa, ganin wasiƙarki ya sa na aika miki da amsa nan take ta lambar da kika turo, ina maimaita ta a nan ne saboda sauran iyaye. Kwikwiyo yana ɗaukar ciwon haukan kare kamar yadda babba yake ɗauka, kuma wanda aka saya a titi ba a san abin da ya cije shi ko ya ciji uwarsa ba. Ƙanƙantar rauni ba ta nuna ƙanƙantar haɗari, domin ƙwayar cutar a cikin yawu take, tana bin jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, kuma yatsa da fuska suna cikin wurare mafi haɗari saboda yawan jijiyoyinsu. Alamu sukan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin su bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara, shi ya sa iyaye suke mantawa da cizon. Idan suka bayyana, yaro ya fara firgita, ya ga ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe duk da ƙishirwa, to kusan babu wanda yake tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ne suke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kimanin 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Abin da yake ƙona mini rai shi ne mutuwa ce da ake iya hanawa tun 1885, shekarar da masanin kimiyya Luwi Fasto na Faransa ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar farko bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu. Matakin farko a gida yake, wato a wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15 cur, a duba agogo, sannan a shafa aidin. Kada a sa toka, gashi, barkono ko ganye, kada a ɗaure. Daga nan sai asibiti a ranar, inda za a fara allurar rigakafi, a ci gaba a ranakun da aka rubuta a kati, galibi rana ta 3, ta 7 da ta 14, wani tsarin har ta 28, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Idan raunin ya huda fata akwai wata allura ta daban da ake yi a cikinsa da kewayensa, ki tambayi likita a kanta. Kwana 2 da suka wuce ba su sa an makara ba.

Kwikwiyon kada a kashe shi, kada a kore shi. A killace shi inda yara ba sa zuwa, a ba shi ci da sha, a sa masa ido kwana 10, amma allurar yarinya ba ta jiran wannan. Ba kowane mahaukacin kare ne yake bin mutane da cizo ba, wani shiru yake yi, haɓarsa ta saki, yawu yana zuba, har mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa ya zura hannu a bakin. Idan ya canza hali ko ya mutu cikin kwanakin nan, kada a taɓa gawar da hannu tsirara, a sanar da asibitin dabbobi na gwamnati, su suke da hanyar aika kan zuwa gwaji, kamar a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take aiki tun 1924 kuma take sarrafa allurar rigakafin karnuka. Idan ya cika kwana 10 lafiya, a kai shi a yi masa tasa allurar da zarar ya kai wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara, a kuma adana katin. Ki tambayi yayanta da sauran yaran gidan ɗaya bayan ɗaya, cikin lallashi ba da faɗa ba, ko akwai wanda kwikwiyon ya taɓa yaƙusa ko ya lasar masa ciwo, domin yaro yakan ɓoye cizo don tsoron duka. Duk wanda aka samu, a tafi da shi asibitin tare da ita.